Yadda ake gwada sautin hedfon biyu ba tare da kunne ya yaudari mutum ba

Tambayar da aka aiko: "Ina amfani da Audio-Technica ATH-M50x. Na ari Sennheiser HD 600 da kowa ke yabo, na jona a wayata, sai na ji shi ba kuzari, bes babu nauyi, sautin ma ƙasa-ƙasa. Na kuma saurari Beyerdynamic DT 990 Pro na minti biyar a shago, ya burge ni ƙwarai. Ana kuma yawan ambaton Hifiman Sundara. Kunnena ne ke da matsala ko yabon ne na banza? Ta yaya zan kwatanta su kafin in kashe kuɗi?"

Ɗan'uwa, kunnenka lafiya lau yake, kuma yabon da ake yi wa HD 600 yana da tushe. Gwajin ne ya karkace, kuma karkatar ta faro daga maɓallin ƙara sauti.

M50x yana da tirjiyar ohm 38, wato gwargwadon yadda yake turje wa wutar da ke shiga cikinsa, kuma miliwat 1 na wuta yana fitar masa da sauti mai ƙarfin desibel 99. In aka juya lissafin zuwa bolt, bolt 1 zai ba shi kusan desibel 113. HD 600 kuwa ohm 300 ne, abin da bolt 1 ke ba shi bai wuce desibel 102 zuwa 105 ba. Ke nan in ka zare wannan ka jona wancan a waya ɗaya ba ka taɓa maɓalli ba, akwai tazarar desibel 10 ko kusa da haka tsakaninsu, kuma desibel 10 a kunnen mutum kamar an ninka ƙara sau biyu ne. Abin bai tsaya nan ba. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin zangunan sauti daidai wa daida. In aka rage ƙara, sauti mai kauri na ƙasa, wato bes, shi ke fara ɓacewa, tsakiya kuwa ta daɗe ana jin ta. Saboda haka duk wanda ya fi ƙara zai zo maka da cikakken bes da haske, ka ɗauka inganci ne. Ko desibel 1 ya isa ya juya hukunci, kuma mai sauraro ba zai ce "wannan ya fi ƙara" ba, cewa zai yi "wannan ya fi fitowa tas".

Aikin farko ke nan shi ne daidaita ƙarar, kuma ba da kunne ake yin sa ba. Nemi kwali mai kauri wanda ya fi kushin hedfon faɗi, ka yanka rami a tsakiyarsa daidai yadda gindin waya zai shiga, gefen da makirufo yake. Sauke manhajar auna ƙara a wannan wayar, sautin kuma ya fito daga wata na'ura daban, kwamfuta ko waya ta biyu. Kunna ƙarar "shuuu" ɗin nan mai kama da ta rediyon da ta ɓata tasha, wadda za ka samu a intanet da sunan pink noise. In ka sami wadda aka taƙaita tsakanin 500 Hz da 2,000 Hz ta fi dacewa (Hz ma'aunin zangon sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba kuma siriri), domin a nan nauyin murya yake, kuma yawan bes na wani hedfon ba zai rinjayi awon ba. Manna kwalin a kan kushin ya toshe ruf, ka juya maɓalli har manhaja ta nuna misali 75, ka sa alama ko ka rubuta lambar. Yi haka ga na biyun har shi ma ya nuna 75. Makirufon waya ba abin dogaro ba ne wajen ainihin adadi, yana iya cewa 75 alhali 80 ne, amma bambanci tsakanin abu biyu yana nuna shi daidai gwargwado, kuma shi muke nema. Yi ƙoƙari tazarar kada ta wuce rabin desibel. In awon yana tsalle, kwalin ne bai zauna daidai ba, ko fanka na hura makirufon.

Bayan ƙara sai lokaci. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti fiye da daƙiƙu kaɗan. Wanda ya saurari waƙa guda ta minti biyar da hedfon ɗaya, sannan ya maimaita da ɗayan, tunaninsa yake kwatantawa, sautin ya riga ya gudu. Yanki gajere ake zaɓa, daƙiƙa 10 zuwa 20, a sa shi ya yi ta maimaituwa. Ka saurara sau biyu ko uku kana bibiyar abu guda kawai, a ce dukan ganga, sannan ka sauya da sauri ka bibiyi wannan dukan dai. Rubuta abin da ka ji kafin ka koma kan murya. Kuma ka riƙa sauya wanda kake farawa da shi, domin na biyu yakan ci ribar cewa kunne ya riga ya san abin da ke tafe.

Abin da za ka kunna ma yana da muhimmanci. Waƙar da ta bi ta hannu goma ana turawa a WhatsApp, ko MP3 mai 128 kbps wanda galibi an datse duk abin da ya haura 16,000 Hz, ba za su nuna maka iyakar hedfon ba, iyakar fayil ɗin za su nuna. Fayil irin FLAC ko WAV, wanda ba a datse masa komai ba, mai ingancin faifan CD, wato 44.1 kHz da bit 16, ya wadatar, kuma MP3 mai 320 kbps da aka yi daga asali mai kyau ba laifi. Kada ka wahalar da kanka da neman 192 kHz, ba a nan bambancin yake ba. Haka nan tsofaffin kiɗan da aka kwafo daga kaset suna da daɗi, amma sautinsu na sama ya riga ya mutu tun a kaset, ba za su gaya maka ko hedfon yana da kaifi ba.

Zaɓi abin da kunnenka ya san yadda yake a zahiri. A nan Bahaushe yana da kayan gwaji masu kyau. Muryar mai karatun Alƙur'ani ko mai wa'azi da aka ɗauka da makirufo mai kyau ita ce ma'aunin tsakiya: tushen muryar namiji yana wajen 85 zuwa 180 Hz, ta mace 165 zuwa 255 Hz, amma abin da ke sa ka gane mutum da kalmominsa yana sama da haka, har zuwa 4,000 Hz. In muryar ta yi kamar daga cikin randa take fitowa, an cika wajen 200 zuwa 300 Hz. In ta yi ta hanci, duba wajen 1,000 Hz. In ta yi nisa kamar mai maganar ya ja da baya, an rage 1,000 zuwa 3,000 Hz. Kalangu yana gwada tsabtar bes na sama, domin sautinsa yana hawa yana sauka in makaɗi ya matse tsirkiya. Hedfon mai kumburin bes zai cakuɗe wannan hawa da sauka ya zama gunji guda, mai tsabta kuwa zai bar ka ka ji "maganar" kalangun. Algaita da kakaki suna gwada 2,000 zuwa 4,000 Hz, inda kunne ya fi saurin jin zafi. Goge yana nuna ko sama tana da laushi ko kaushi. Don tsinin sauti kuwa, ba abin da ya kai harshenmu: saurari wanda ke faɗin "tsuntsu", "sassafe", "shashasha". In "s" da "ts" suna sukar kunne kamar allura, akwai tudu tsakanin 5,000 da 9,000 Hz. Abu ɗaya da kayan gargajiya ba za su gwada maka ba shi ne can ƙasan bes, 20 zuwa 50 Hz, wanda ake jin sa kamar girgiza. Wannan sai kiɗan situdiyo na zamani mai bes na kwamfuta.

Yanzu ga abin da ya kamata ka ji in ƙara ta daidaita. HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma har yau ana yin sa, buɗaɗɗen baya ne, iska na shiga tana fita. Ƙarfinsa yana tsakiya: murya tana fitowa da kamanninta, kusa da kai, ba ƙari ba ragi, saman kuma ba ya suka. Rauninsa na gaske ne, kuma ka ji shi daidai: daga wajen 100 Hz zuwa ƙasa bes ɗinsa yana raguwa a hankali, ƙasa da 50 Hz kuwa ya yi rauni sosai. Ƙanensa HD 650 na 2003 ya fi shi ɗumi kaɗan, sama ta fi lafawa, amma shi ma bai kai can ƙasa ba. M50x rufaffen baya ne, an ɗaga masa bes, tsakiyar ƙasa ta ɗan ja baya, akwai kuma ɗan tsini a sama. Kunnen da ya shekara da wannan zai ji HD 600 kamar miya ba gishiri a ranar farko. Ba shi kwana uku ba ka taɓa M50x ba, sannan ka koma, a lokacin za ka ji yadda bes ɗin M50x ke hawa kan murya.

DT 990 Pro mai ohm 250 shi ne ya fi buƙatar ka yi hattara, saboda irin sautinsa ne ke cin gasar minti biyar. Yana da tudu a tsakiyar bes da wani babban tudu a sama, wajen 8,000 Hz zuwa 10,000 Hz. Wannan tudun yana fito da ƙarar kuge, numfashin mawaƙi da shafar yatsa a kan tsirkiya, sai mutum ya ce "na ji abin da ban taɓa ji ba". Abubuwan suna nan a sauran hedfon ɗin, an dai haska su ne da tocila. Ga wasu kunnuwa, musamman waɗanda shekaru suka rage musu jin sama, wannan hasken daidai ne, kuma mai aikin tace sauti yana amfana da shi wajen kamo ƙazanta a rikodin. Ga wasu kuwa bayan awa ɗaya kai ya fara ciwo. Ba za ka san ɓangaren da kake ba sai ka zauna da shi awa guda cur a kan muryar mace da kalmomi masu "s".

Sundara ginin cikinsa daban ne. Su ukun farko dainamik ne: naɗin waya a manne da fatar lasifika, maganaɗisu na tura shi gaba da baya. Sundara filana ne: fata ce siririya shimfiɗaɗɗiya, an zana hanyoyin wuta a jikinta, tana tsakanin jerin maganaɗisu, saboda haka kusan duk faɗinta ke motsi tare. Amfanin da kunne ke ji shi ne bes da ke miƙewa zuwa ƙasa fiye da na HD 600, ba tare da kumburi ba, kuma ba ya saurin gurɓacewa in an ƙara masa. Sai dai ba ya "duka" kamar M50x, domin ba a ɗaga shi ba, shimfiɗe yake. Tsakiyarsa ta ɗan lafa wajen 2,000 Hz, shi ya sa murya ke ɗan ja baya idan aka gwada da HD 600, fili kuma ya yi kamar ya fi faɗi. Akwai iri na uku, ilektirostatik, irin na kamfanin Stax na Japan, wanda fatarsa ke ɗauke da cajin bolt 580 kuma sai da amfilifayarsa ta musamman. A ƙasar da ke da ƙurar hunturu da danshin damina, wannan sai mai ɗaki a rufe da haƙurin kula, domin ƙura ko danshi in sun shiga sukan sa shi tsaki ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙara.

Za ka ci karo da zanen awo, layin da ke nuna ƙarfin kowane zango daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Yana da amfani ƙwarai in an iya karanta shi. Kada ka nemi miƙaƙƙen layi. Kunnen mutum da ramin cikinsa suna ƙara wa sauti ƙarfi wajen 3,000 Hz, don haka hedfon mai kyau dole awonsa a kan kunnen roba na na'urar awo ya nuna babban tudu a wurin, wajen desibel 10. Wanda ba shi da wannan tudun zai yi dishi-dishi. Sean Olive da Todd Welti na kamfanin Harman sun yi shekaru suna gwada masu sauraro ba tare da sun san hedfon da suke ji ba, suka fitar da layin da aka fi so, na farko a 2013, wanda aka fi amfani da shi yanzu kuma na 2018. A bincikensu kusan kashi 64 cikin 100 sun fi son wannan layin yadda yake, kashi 15 suna son ƙarin bes, kashi 21 suna son a rage. Wato mutum ɗaya cikin uku ba ya tare da rinjaye, kuma ba kuskure ya yi ba. AKG K371 misali ne na rufaffen hedfon da aka gina kusa da wannan layin, in ka samu ka saurara za ka san inda kai ka tsaya. Hattara biyu game da zanen: kada ka kwatanta awon da aka yi da na'urar GRAS da wanda aka yi da Brüel & Kjær 5128, domin kunnuwan robar ba iri ɗaya ba ne. Kuma duk abin da ya haura 8,000 zuwa 10,000 Hz, ɗan gusar da hedfon a kai yana sauya shi, ramin kunnenka kuma ba irin na roba ba ne, saboda haka a can kunnenka ne alƙali.

Wannan ya kawo mu ga abin da aka fi sakaci da shi, wato zaman hedfon a kai. Rufaffen baya irin M50x yana samun bes ɗinsa ne daga iskar da ya kulle tsakanin kushin da fata. Ƙaramar kafa ta isa ta zubar da desibel da yawa a ƙasa da 100 Hz. Ƙafar tabarau mai kauri tana buɗe kafa. Bakin hula in ya sauko kan kunne yana buɗewa, haka ɗankwali ko hijabi in kushin ya hau kansa, haka gashi mai yawa. Gwajin mai sauƙi ne: kana cikin sauraro, danna kofunan biyu a hankali da tafin hannu. In bes ya ƙaru sosai, da ma akwai kafa. Buɗaɗɗu irin HD 600 ba su cika damuwa da wannan ba, amma suna da tasu matsalar: kushinsu na karan-miski yana lotsewa da amfani, kunne ya matso kusa da lasifika, sautin ya ƙara duhu. Wanda ka ara ɗin, in ya shekara biyu ana sa shi kullum ba a sauya kushin ba, ba ainihin sautin HD 600 ka ji ba. Zafi da gumi suna gaggauta wannan, suna kuma sa fatar roba ta rufaffu ta yi ta ɓarewa. In za ka sauya kushin, sayi na asali. Kushin wani kamfani, ko da ya fi laushi, yana iya maida hedfon wani abu daban, musamman in an sa na fata a inda aka tsara na yadi.

Ɗakin ma yana cikin gwajin. Buɗaɗɗen hedfon ba ya tare ƙarar waje ko kaɗan. Gunjin janareta da na fanka suna zaune ne a zangon ƙasa, daidai inda HD 600 yake da rauni, sai su binne ɗan bes ɗin da yake da shi, su kuma sa ka ƙara sauti fiye da kima. In mafi yawan sauraronka a shago ne, ko ofis, ko cikin mota, ko gidan da janareta ke aiki har dare, rufaffe mai matsakaicin kyau zai fi buɗaɗɗe mai tsada amfani. Na kusa da kai ma zai ji duk abin da kake ji da buɗaɗɗe.

Sai batun amfilifaya, inda ake yawan ɓarnar kuɗi. Lissafi ne, ba sihiri ba. A ce kana son ƙololuwar kiɗa ta iya kai desibel 110 na ɗan ƙiftawar ido ba tare da sautin ya fashe ba, wanda wannan ya bar sarari mai yawa. Hedfon irin HD 600 mai ohm 300 da desibel 97 a miliwat 1 yana buƙatar ƙarin desibel 13, wato miliwat 20, wanda ya zama kusan bolt 2.4. Ƙaramar igiyar USB-C ta Apple da ake jona hedfon da ita, irin ta kasuwar Amurka, tana ba da bolt 1, ta kasuwar Turai kuwa kusan rabin haka, kuma ramin hedfon na wayoyi da yawa bai kai bolt 1 ba. Da bolt 1, HD 600 zai yi ƙarar da ta ishi mafi yawan waƙoƙin zamani, amma zai gaza a rikodin mai sanyi ko in ka sa ikwalaiza, wato manhajar ƙara ko rage ƙarfin wani zango. Sundara, mai wajen ohm 37 da desibel 94, yana buƙatar miliwat 40, bolt 1.2 kawai, amma gudun wutar ya kai miliamfiya 33, kuma a nan ƙananan na'urori ke shaƙewa, bes ya yi laushi ko ya fashe. Amfilifayar da ke iya ba da bolt 2 zuwa 4 cikin tsabta ta ishi duka huɗun da ka ambata. Masu ƙishirwar gaske irin Hifiman HE6, mai desibel 83.5, su ne ke neman kusan rabin wat.

Akwai lamba ɗaya da ba a cika dubawa ba: tirjiyar mafitar amfilifayar kanta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na tirjiyar hedfon. Dalili shi ne tirjiyar hedfon dainamik ba a tsaye take ba. Ta HD 600 ohm 300 ce a tsakiya, amma tana haura 500 a wajen 100 Hz. In ka jona shi a ramin tsohuwar rediyo ko mikisa mai tirjiyar ohm 120, wannan wurin zai sami ƙarin fiye da desibel 1, sautin ya ƙara kauri. A hedfon mai ƙaramar tirjiya da ke hawa da sauka, sauyin ya fi haka muni. Filana kuwa tirjiyarsa shimfiɗe take, launinsa ba ya sauyawa, ƙara kawai yake rasawa. Saboda haka duka hedfon ɗin da kake gwadawa su sha daga na'ura ɗaya mai tirjiyar ohm 1 ko 2. In kuma amfilifaya biyu kake kwatantawa da hedfon ɗaya, ajiye kwali ka ɗauko maltimita irin ta masu gyaran rediyo, ka kunna sauti tsayayye na 60 Hz ko 400 Hz, domin masu arha ba sa auna zango mai tsawo daidai, ka daidaita bolt ɗin har bambanci ya koma kashi 1 cikin 100. Sau da yawa a nan bambancin da ake rantsuwa a kansa ke ɓacewa. In ka ji "zzz" ko gunji lokacin da kwamfuta ke caji, cire cajar ka gwada da batir. In ya tafi, laifin na wuta ne ko na cajar, ba na hedfon ba.

Wayoyin jona hedfon masu tsada ba sa sauya sauti in ta asali lafiyarta ƙalau. Maganar cewa sai hedfon ya yi awa ɗari yana kiɗa kafin ya "nuna", abin da awo ke gani ƙanƙane ne. Kunne ne ke sabawa, kushin kuma yana ɗaukar siffar kai.

Faɗin fili, wato yadda kake jin makaɗa sun bazu kewaye da kai, shi ne abin da zanen awo bai cika bayyanawa ba. HD 600 filinsa matsattse ne, abubuwa na taruwa hagu, dama da tsakiyar kai. HD 800 na 2009, mai lasifika milimita 56 da aka karkatar a gaban kunne cikin babban kofi, shi ne aka sani da faɗi, amma ya zo da tsini wajen 6,000 Hz wanda ya sa aka fito da HD 800 S da abin shanye wannan tsinin. Don gwada fili, nemi rikodin da aka ɗauka kai tsaye a zaure ko dandali, rufe ido, ka nuna da yatsa inda kowane makaɗi yake. In kana iya nuna wuri ɗaya kowane zagaye, hedfon yana ajiye abubuwa daidai. Faɗi ba tare da wannan daidaiton ba hazo ne kawai.

Ga dabarar da za ta raba maka launin sauti da ainihin iyawar hedfon. Sa manhajar ikwalaiza, Equalizer APO a kwamfuta mai Windows, ko Wavelet a wayar Android, ka ɗauko gyaran da aka tanada wa kowane hedfon daga shafin intanet na AutoEq, wanda zai matso da su duka kusa da layi ɗaya. Kada ka manta da rage ƙarar shiga gwargwadon mafi girman ƙarin da aka yi. In an ɗaga bes da desibel 6, a rage shiga da desibel 6, in ba haka ba sautin zai fashe. Sake daidaita ƙara da kwali, sannan ka saurara. Za ka tarar mafi yawan bambancin ya tafi. Abin da ya rage, wato fili, tsabtar bes in an matsa masa, da tsinin sama da bai gyaru ba, shi ne abin da kuɗinka ke saya. HD 600 yana karɓar ƙarin desibel 4 ko 5 a ƙasa da 100 Hz lafiya a matsakaiciyar ƙara, amma in ka haɗa ƙarin bes da ƙara mai yawa zai fara gurɓacewa. Sundara ya fi shi jure wannan.

Ina roƙonka ka kula da kunnen kansa a duk wannan gwaji, domin shi ba a sayar da kayan gyaransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10. Hedfon mai tsabta yana da haɗari ta nan, saboda ba ya fashewa ya gargaɗe ka, sai ka yi ta ƙarawa. In ka cire ka ji kunne na ƙara "wiii" ko ya toshe, ka wuce iyaka, kuma duk hukuncin da ka yanke bayan nan ba shi da inganci. Yi gwaji da safe, ka huta minti 10 bayan kowane rabin awa.

In na hannu za ka saya, kunna sautin da ke hawa a hankali daga 20 Hz zuwa 16,000 Hz da ƙara kaɗan. Ya kamata ya tsaya a tsakiyar kanka. In ya zame hagu ko dama a wani wuri, juya hedfon ɗin, na hagu a kunnen dama. In zamewar ta bi hedfon, lasifikunsa ne ba su daidaita ba, in ta tsaya inda take, kunnenka ne. Kakkarwa tsakanin 30 da 80 Hz yawanci gashi ne ya shiga ya taɓa fatar, ko fatar ta lotsa. Motsa igiyar hedfon a gindin kofi ka ji ko sauti na yankewa. M50x da Sony MDR-7506 suna cikin waɗanda ake yawan yin jabunsu, don haka farashin da ya yi arha fiye da hankali abin tuhuma ne.

A halin da kake ciki, riƙe M50x don waje da wurin hayaniya. Sake aron HD 600, duba kushinsa, samo ƙaramar amfilifayar USB mai bolt 2, daidaita ƙara da kwali, ka ba shi kwana uku a ɗaki shiru. In murya, karatu da kayan kiɗa na hannu ne mafi yawan abin da kake ji, da wuya ka mayar da shi da son ranka. In bayan kwana ukun har yanzu ƙasan bes kake nema, Sundara za ka gwada, da ƙarin desibel 4 a ƙasa da 100 Hz. DT 990 kuwa kada ka biya kuɗinsa sai mai shago ya yarda ka zauna da shi awa ɗaya, da fayilolinka, a ƙarar da ka auna.